Saba ba ta mutuwa sai ta bar wasiyya: yadda ake karanta rajistar kurakuranta

A cikin azumin 2024 aka kira ni wani ofis a Kano. Sabarsu, wato uwar garken da ke riƙe da duk bayanan kuɗinsu, ta tsiri kashe kanta da rana tsaka ta sake tashi, kusan kullum tsakanin azahar da la'asar. Kafin in isa an riga an yi mata abin da aka saba yi. An goge manhaja an sake ɗorawa, wani ya ce ƙwayar cuta ce, har an rubuta kuɗin sababbin ram guda takwas, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ana jiran sa hannun manaja. Na tambayi matashin da ke kula da ɗakin, na ce, "Malam, ka duba SEL kuwa?" SEL ita ce rajistar da sabar ke rubuta kurakuranta. Ya ce, "Oga, na buɗe, rabinta lambobi ne marasa kai da gindi. Dama yanzu nake shirin goge ta ko jar fitilar nan ta daina ƙyaftawa." Na riƙe hannunsa. Da ya goge, da ya ƙone shaidar da kaɗai muke da ita.

Abin da nake so ka fara sani shi ne, a jikin babban allon lantarki na kowace saba ta gaske akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta da ake kira BMC. Ba ruwanta da Linux ko Windows. Muddin wayar wuta na jone, tana raye ko da an kashe sabar, tana sauraron zafi, gudun fanka, ƙarfin wuta da lafiyar ram. Kamfanin Dell na kiran tasa iDRAC, HPE na kiran tasa iLO, amma yaren da kusan dukansu ke ji ɗaya ne, IPMI, wanda Intel da HP da NEC da Dell suka fitar a 1998, sigarsa ta biyu ta fito a 2004. Duk abin da ya faru, BMC na rubuta shi a wata rajista mai suna SEL, kuma kowane rahoto bayit 16 ne cif (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta), ba daɗi ba ragi. Wanda ya iya karanta waɗannan 16 ɗin ba ya bukatar ya yi ta canke.

Kafin komai, ka ajiye kwafi. A kan Linux, idan an saka ipmitool, manhajar da ake magana da BMC da ita, ga abin da nake bugawa tun kafin in zauna:

ipmitool sel info
ipmitool sel time get
ipmitool sel elist > fassara.txt
ipmitool sel writeraw danye.bin
ipmitool sdr elist > sensoci.txt

Idan ya ce bai ga /dev/ipmi0 ba, ka ɗora direbobin ipmi_si da ipmi_devintf ta hanyar umarnin modprobe. Idan kuma sabar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ka shiga ta ƙofar BMC daga wata kwamfutar, ka ƙara -I lanplus -H da adireshinta da sunan shiga. Wannan ƙofa a kan UDP 623 take, kuma don Allah kar ka taɓa barin ta a buɗe ga intanet, domin wanda ya shiga ta nan ya mallaki injin har maɓallin kunnawa.

Umarni na farko zai gaya maka ko rajistar ta cika. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: wasu BMC idan sun cika sai su daina rubutu, sai ka ga rahoton ƙarshe na bara ne alhali injin ya faɗi jiya. Na biyu zai nuna maka agogon BMC, ka kwatanta da na hannunka ka rubuta bambancin a takarda. A wancan ofishin agogon yana kan lokacin Girinwich, don haka duk abin da na karanta sai na ƙara masa awa ɗaya.

Za ka ce tunda elist na fassarawa, me ya kawo wahalar ɗanyen lambobi? Dalili biyu. Fassarar na taƙaita magana, wani lokaci ta yar da bayit biyun ƙarshe, alhali a nan sunan mai laifi yake. Sannan idan ta haɗu da abin da ba ta sani ba, sai ta ce maka "Unknown" ta wuce. Buɗe ɗanyen haka:

xxd -c 16 danye.bin

Kowane layi rahoto ɗaya ne. Lambobin a tsarin sha shida suke: 0 zuwa 9, sai a zuwa f a madadin 10 zuwa 15. Harafi biyu bayit ɗaya ne, kowane harafi kuma bit huɗu ne masu nauyin 8, 4, 2, 1, kowane bit ko 0 ne ko 1. Wato 9 shi ne 1001, c shi ne 1100. Wannan kaɗai ne lissafin da za ka riƙe a ka. Ga layin da na fara ɗora yatsa a kai ranar:

2f 01 02 10 c8 02 66 20 00 04 01 30 01 59 2b 2a

Bayit biyun farko lambar rahoto ce, kuma a nan mutane da yawa ke fara ɓata. IPMI na sa ƙaramin bayit a gaba, babba a baya, don haka sai ka karanto su daga dama zuwa hagu kamar mai karatun allo, amma bayit-bayit, ba harafi-harafi ba. 2f 01 na nufin 012f, wato 303. Wanda ya karanta a miƙe zai samu 12033, ya yi ta neman rahoton da babu shi.

Na uku, 02, na nufin rahoto ne na gama-gari wanda ƙa'idar IPMI ta bayyana. Idan ka ga c0 zuwa df, na kamfanin da ya ƙera injin ne amma da lokaci a ciki. E0 zuwa ff nasu ne kuma ko lokaci babu. Waɗannan sai da littafin kamfanin, kar ka matsa musu ma'anar da ba tasu ba.

Huɗun da ke biye lokaci ne, daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu 1970. Juya su: 10 c8 02 66 ya zama 6602c810. Ba sai ka yi da ka ba:

date -u -d @$((0x6602c810))

Zai ba ka Talata 26 ga Maris 2024, ƙarfe 13:05:20, wato biyu da minti biyar na rana a agogonmu. Idan ka ga lambar lokaci ba ta wuce 20000000 a tsarin sha shida ba, ba kwanan wata ba ne, daƙiƙoƙi ne tun lokacin da BMC ta farka kafin a saita mata agogo. Irin wannan layin kansa labari ne: yana gaya maka wuta ta yanke wa injin gaba ɗaya, ko kuma ƙaramin batirin allo ya mutu.

Sai 20 00, wanda ya kawo rahoton. 20 ita ce BMC da kanta. Idan bayit ɗin mara ne, wato ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 01 ko 33 ko 41, to manhaja ce ta yi magana, galibi BIOS, manhajar da ke tayar da injin. 04 da ke biye sigar tsarin saƙo ce, kusan kullum haka za ka gan ta, wuce ta.

Shidan ƙarshe su ne naman. Na goma sha ɗaya shi ne irin sensa, wato na'urar awon da ta ga abin. Waɗanda na haddace saboda yawan haɗuwa da su: 01 zafi, 02 ƙarfin wuta, 04 fanka, 05 an buɗe murfin akwati, 07 farosesa, 08 akwatin wuta, 0c ram, 0d ramin faifai, 10 ita kanta rajistar, 13 matsalar katunan da ke kan allo. Na goma sha biyu lambar sensar ce, a nan 30, kuma ita ba ta da ma'ana ɗaya a duniya, kowane inji da tasa. Shi ya sa muka ajiye sensoci.txt. Na duba, 30 a wannan injin ita ce mai auna iskar da ke shiga ta gaba. Ka lura, ba zafin farosesa ba, zafin ɗakin da kansa.

Na goma sha uku kashi biyu ne a cure. Bit ɗin farko na nuna ko abin ya fara ne ko ya wuce, sauran bakwai na nuna salon rahoton. 01 na nufin an tsallake wata iyaka ta awo, 6f na nufin aukuwa ce ta musamman ga irin wannan sensar. Idan abin ya wuce sai a kunna bit ɗin farko, 01 ya koma 81, 6f ya koma ef. Ina roƙonka ka riƙe wannan da kyau. Na ga wanda ya cire akwatin wuta lafiyayye saboda ya karanta layin ef a matsayin sabuwar matsala, alhali injin cewa yake yi "ta dawo".

Yanzu 59 2b 2a. Fasa 59 gida biyu. 5 shi ne 0101: 01 na farko na cewa bayit na gaba abin da aka auna ne, 01 na biyu na cewa na ƙarshe ita ce iyakar. 9 kuma na nufin an haura iyakar sama mai haɗari. Da 7 ne, gargaɗi ne kawai. Da b ne, an kai inda ba a dawowa. 2 kuma faɗowa ce ƙasa da iyaka mai haɗari, irin wadda za ka gani idan fanka ta tsaya. 2b shi ne 43, 2a shi ne 42. Wato iskar da sabar ke shaƙa ta kai digiri 43, iyakarta 42. A ma'aunin zafi sau da yawa lambar ita ce digirin kai tsaye, amma a fanka da ƙarfin wuta ba haka ba ne, akwai ninki da ƙari da ke ajiye a bayanin sensar, don haka ka bar ipmitool sensor ya yi maka wannan juyin.

Digiri 43 a ɗaki mai na'urar sanyi. Na waiga na dubi na'urar, tana aiki, ɗakin da sanyinsa, domin da safe na je. To me ke faruwa da rana? A nan ne darasin da ya fi kowane muhimmanci yake: kar ka karanta layi ɗaya, ka hau sama ka nemo wanda ya fara. Layin ƙarshe shi ne mai ƙara, amma na farko shi ne mai laifi. Na hau layi uku:

2c 01 02 50 b4 02 66 20 00 04 08 62 6f 03 ff ff
2d 01 02 78 b4 02 66 20 00 04 08 62 ef 03 ff ff

08, akwatin wuta. 6f, abu ya fara. 03 a akwatin wuta na nufin wutar da ke shigo masa daga bango ta yanke. Ba lalacewa ya yi ba, lalacewa 01 ce, 02 kuma hasashen ya kusa. ff ff na nufin babu ƙarin bayani. Lokacin 12:41:04 ne a agogonmu. Layi na biyu ef ne, wuta ta dawo, kuma tazarar 50 da 78 a tsarin sha shida ita ce 28, wato daƙiƙa 40. Duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san wannan daƙiƙa arba'in ɗin: an ɗauke wuta, maigadi ya je ya tayar da janareta ya juya layi. Sabar ba ta ji ba, domin ɗayan akwatin wutarta na kan UPS, batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Na fita na bi wayar na'urar sanyi da ido har bango, na tambayi maigadin, ya ce, "Ai yallaɓai ita ba ta kan inji, an ce tana shan mai." Daga ƙarfe ɗaya saura zuwa biyu, ɗaki rufe ba taga, a watan Maris, saba na ta hura zafi tana sake shaƙa.

Da na tsaya nan da na yi rabin aiki. Minti 17 bayan rahoton zafi ga abin da ya biyo:

30 01 02 10 cc 02 66 33 00 04 0c 02 6f a0 00 11

33, BIOS ce ke magana. 0c, ram. Harafin ƙarshe na a0 shi ne 0, kuskuren da ECC ta kama ta gyara. Ram ɗin saba na ɗauke da ƙarin bit na dubawa, idan bit ɗaya ya juye sai a gyara shi ba tare da kowa ya sani ba. 1 a wannan gurbin shi ne kuskuren da ya gagari gyara, shi ke kayar da inji. 5 na nufin gyararrun sun yi yawa har an daina ƙirga su. Shi kuma a, wato 1010, yana cewa bayit biyun ƙarshe yaren kamfani ne, kuma a nan suke ɓoye lambar ramin da abin ya faru. Kuskure ɗaya gyararre a wata shida ba ya hana ni barci. Amma na ƙirga irin wannan layin fiye da talatin cikin mako biyu, dukansu da 00 11 a ƙarshe, kuma kowace faɗuwa da a1 take ƙarewa. Ruwa ba ya tsami banza. Zafin ɗakin ya taɓa ram takwas daidai wa daida, ɗaya ne kawai ke kuka.

Don in tabbatar, na nemi shaida ta biyu daga farosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa injin lissafi. Ita ma tana da nata rumbunan rahoto, kuma Linux na zubo su a dmesg ko journalctl -k. Ga irin layin:

mce: [Hardware Error]: CPU 0: Machine Check: 0 Bank 7: 8c00004000010090

Wannan doguwar lamba bit 64 ce, kuma ita a miƙe ake karanta ta, ba a juyawa. Haruffa biyun farko sun ishe ka sanin girman abin. A farosesar Intel, bit takwas na sama a jere suna cewa: rahoton ingantacce ne, an rubuta wani a kan wani, ba a gyara ba, an kunna sanarwa, akwai ƙarin bayani, akwai adireshi, yanayin farosesa ya gurɓace, sai na takwas da ba mu bukata a nan. 8c shi ne 1000 1100: ingantacce, an gyara, akwai adireshin inda ya faru. cc shi ne wannan ɗin amma sun zo da yawa har suna hawa kan juna. Wanda za ka ji tsoro shi ne mai farawa da be ko fe, domin a nan bit na "ba a gyara ba" da na "ya gurɓace" duk a kunne suke, injin ba shi da zaɓi sai faɗuwa.

Sai ka tsallaka haruffa huɗun ƙarshe, 0090. Idan bayit ɗin ƙarshe ya fara da bit 1 kuma na gabansa sifili ne, matsalar daga mai kula da ram take. 9 shi ne 1001: bayan 1 ɗin, 001 na nufin wajen karatu, 010 rubutu ne, 100 kuma lokacin sharar da injin ke yi wa ram da kansa. Harafin ƙarshe lambar tasha ce, wato hanyar da ta haɗa farosesa da ram, a nan 0. F na nufin ba a fayyace ba. Wannan fasalin na Intel ne, AMD da nata tsarin a ƙananan bit ɗin. A injinan yanzu na fi son in saka manhajar rasdaemon in bar ta tana tara waɗannan rahotannin, sannan ras-mc-ctl --error-count ya nuna min ƙirgen kowane rami. Tsohon mcelog, mai irin wannan aikin, har yanzu yana nan a wurare, amma ba ya fassara sababbin farosesoshin AMD.

Shaidu biyu sun haɗu a wuri ɗaya, amma tasha ta 0 ba lallai ita ce ramin da aka rubuta wa A1 a jikin allo ba. Na buga dmidecode -t 17 na kwafe sunan kowane rami da lambar ram ɗin da ke cikinsa, na duba zanen da ke manne a cikin murfin akwati da littafin kamfanin don fassara 11 ɗin nan. Sannan na yi gwajin da ba na tsallakewa ko ana gaggawa. Bayan an tashi aiki muka kashe injin, muka zare wayoyin wuta biyun, na taɓa ƙarfen akwati don sauke wutar jiki, na musanya ram ɗin da ake zargi da wani irinsa na wata tashar. Hikimar ita ce, idan kuskuren ya bi ram ɗin zuwa sabon rami, to shi ne. Idan ya tsaya a tsohon ramin, to allo ne ko ƙura ko ƙafafun mazaunin farosesa, kuma sabon ram ba zai yi maganin komai ba. Ramukan ma na hure su, don ƙurar hunturun da ya wuce na kwance a kansu kamar garin tuwo.

Sai a lokacin, da kwafi uku a ajiye, na ce wa matashin ya buga ipmitool sel clear da hannunsa. Layin farko na sabuwar rajistar ya fito da 10 da 6f da 02, na sa shi ya karanta min da kansa, ya yi shiru yana ƙirga bayit da yatsa, ya ɗago ya ce, "An share rajista." Kwana biyu bayan nan aka sake ɗauke wuta da rana, ya turo min hoton layin 0c, bayit ɗin ƙarshe ya canza zuwa lambar sabon ramin. Ram ɗaya aka saya maimakon takwas, mai gyaran wuta ya mayar da na'urar sanyi kan layin janareta, shi kuma ya saka umarnin writeraw a cron, manhajar da ke gudanar da aiki a kan lokaci, yana ajiye kwafi duk daren Juma'a da kwanan wata a sunan fayil ɗin.